Baƙon Wata Uku

Mijin yayata ya shekara talatin da wani abu a garinmu, amma a takarda bai taɓa wuce wata uku ba. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya, a nan kansa ya yi furfura, kuma duk tsawon wannan zama abin da hukuma ta sani game da shi shi ne ɗan yawon buɗe ido ne da ya shigo da motarsa, zai zaga gari ya koma inda ya fito. Ni na fara kiransa Baƙo don in ba shi haushi, sai sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Shi kuma ya rama da kirana Uwar Tsiwa, kuma ban ce ya yi mini ƙarya ba.

Daga ƙetaren iyaka ya zo yana saurayi, da wata shuɗiyar mota cike da kayan gyaran keken ɗinki. Mahaifinmu tela ne. Baƙo ya shigo shagon don ya sayar mana da allurai da kwarkwaro, sai ya tarar da Yaya tana fama da keken da ke tsinka zare. Ya durƙusa ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, washegari ya dawo wai yana son ya ji ko keken ya kwana lafiya. Ina 'yar yarinya a lokacin, amma ko ni na san ba lafiyar keke ta dawo da shi ba.

Dokar iyakarmu ga yadda take. Wanda ya shigo a ƙafa ko a motar haya, 'yan kwanaki ake ba shi. Wanda ya shigo yana tuƙa motar kansa mai rajistar ƙasarsu, ana ba shi izinin wata uku, shi da motar a takarda ɗaya. Tare suka shigo, tare za su fita. Ba zai sayar da ita ba, ba zai ba wani aro ba, kuma ba zai yi aikin da za a biya shi ba. Kafin wa'adin ya cika dole ya fita, sai dai ba a faɗi tsawon lokacin da zai yi a waje ba. Ta wannan 'yar kafa Baƙo ya rayu. Ya tuƙa zuwa iyaka, ya haye gada, a buga masa hatimi a can, ya juya a gidan man da ke bakin hanya, ya sha shayi, ya dawo a matsayin sabon baƙo.

Za ka ce me ya hana shi neman takardar zama kamar kowane mai hankali. Ni ma na tambaya har bakina ya gaji. Mai neman takardar zama sai ya koma babban birnin ƙasarsu ya shigar da buƙata, ya zauna a can ya jira, kuma babu wanda ya san ranar amsa. Wani shekara, wani biyu, wani shiru har yau. Baƙo ya ce zai je idan Yaya ta haihu. Da ta haihu ya ce sai an yaye. Da aka yaye ga wani cikin. Daga baya ya zama sai yara sun gama makaranta, sai an aurar da 'yan matan, sai Auta ya gama koyon kanikanci. Gaskiyar maganar ita ce mutumin nan ba ya iya nisa da matarsa, kuma ita ma ba ta taɓa tura shi da gaske ba. Na ga laifinsu su biyun, na kuma yi musu hassada, don nawa mijin idan ya yi tafiya sai an tuna mini ba ya nan.

Shagon gyaran keke da sunan Yaya aka yi masa rajista. Ita ke zama a gaba tana karɓar aiki, shi yana ɗakin baya mai taga ɗaya, tsakanin kawunan kekuna da aka jera a kan katako, kowanne da ƙyallen da aka ɗaura masa don a san mai shi. Yana da gwangwanayen madara cike da sukurori, da buroshin haƙori da yake wanke haƙoran keke da shi, da wata fitila da ya ɗaure a jikin ƙusa. Telolin gari kaf sun san hannun wa ke gyara musu keke, amma idan sun zo biya Yaya suke miƙa wa.

Idan tafiyar iyaka ta matso, gidan yakan koma kamar ana shirin wasan kwaikwayo. Ɗan yawon buɗe ido ba ya zuwa da baƙin mai a farce, don haka Baƙo yakan ajiye aiki tun da sauran kwanaki, ya dinga dirje hannuwansa da lemun tsami da sabulu har fatar ta yi ja. Yaya ta goge masa kayansa masu kyau. A sauko da akwati daga saman kabad, a cusa tsofaffin zannuwa don ya yi nauyi. Akwai kuma wata kyamara da ta mutu tun ina budurwa, ita ma sai ya rataya ta a wuya.

Nakan ce masa, "Baƙo, idan ka ɗauko hoton gadar ka wanko mini ɗaya, na ji an ce tana da kyau."

Ya ce, "Sai dai in ɗauko naki, Uwar Tsiwa, a manna a bakin iyaka, ɓarayi su gani su koma."

Tsofaffin jami'an iyakar sun san komai. Wani cikinsu har keken matarsa yake kawo wa shagon. Su tambaye shi, "Malam, yaya ka ga ƙasar tamu?" Ya ce, "Ai ban gama gani ba, zan dawo." Su yi dariya su buga hatimi. Amma shi bai taɓa ɗaukar abin wasa ba. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, cewa bai taɓa kwana ko ɗaya a ƙasar nan ba tare da izini ba. Tsofaffin fasfunansa duk yana da su, ɗaure da roba a cikin wata jakar fata tare da littafin motar, kuma ko Yaya ba ta taɓa buɗe jakar ba. Haka ita ma motar. Tana ƙarƙashin rumfa a rufe da tamfol, ba ta zuwa kasuwa, ba ta kai mara lafiya asibiti. Shi kaɗai ke buɗe ta, shi kaɗai ke gyara ta. Auta ya girma ya buɗe garejin kansa, manyan mutane na kawo masa motoci, amma bai isa ya sa sifana a motar ubansa ba.

Ciwon Yaya da rana tsaka ya zo. Tana miƙa wa wani tela canji sai hannun ya saki, ta zame daga kujera. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta koma sai ka kasa kunne sosai. Likita ya ce idan ta samu kula za ta iya shekaru a haka. Baƙo ya riƙe wannan magana da hannu biyu. 'Yan matan sun zo daga gidajen mazajensu sun yi abin da za su iya sun koma, ni ma ina zuwa kullum, amma jinya tasa ce. Shi ke juya ta, shi ke wanke ta, shi ke shafa mata mai a baya don kada fata ta ɗaye. Abinci kuwa idan ba daga hannunsa ba, sai ta datse haƙora ta kawar da kai. Ni da muka sha nono ɗaya sai in yi ta lallashi da cokali a hannu, shi yana zuwa ya ce, "Maman yara, buɗe," ta buɗe. Abin yakan ba ni haushi har in fita tsakar gida in yi ta faɗa da kaji.

Tafiyarsa ta farko bayan ciwon, motar ta mutu a hanyar dawowa, ya kwana a daji yana fama da ita. Yaya ba ta sa komai a bakinta ba har ya shigo washegari. Auta ya ga wannan, ya ajiye a ransa.

Da wa'adi na gaba ya matso, an sake kwantar da Yaya a asibiti saboda zazzaɓi, Baƙo yana can dare da rana. A cikin kwanakin ne Auta ya zo da yaran garejinsa, suka ja motar, suka sauke tsohon injin suka ɗora mata wani mai lafiya da ya daɗe yana tanadi, suka maido ta ƙarƙashin rumfa suka rufe. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya ba ubansa mamaki. Baƙo kuma, da ya saba tafiya tun da sauran kwanaki, wannan karon ya yi ta ɗagawa saboda jinya, har aka sallamo Yaya ana gobe izinin zai ƙare.

Da safe ina ɗakin Yaya na ji an tayar da motar. Sau ɗaya aka murɗa makulli ta kama, babu tari, babu hayaƙi. Sai kuma aka kashe. Na leƙa, na ga Baƙo zaune riƙe da sitiyari, Auta a tsaye yana murmushi har kunne.

"Me ka yi mata?"

"Inji na canja, Baba. Yanzu kafin la'asar ka dawo wurin Umma."

"Ina tsohon?"

"Na ba masu sayen ƙarfe. Ai ya gama aiki."

Baƙo ya sauko a hankali, ya buɗe jakar fatar, ya fito da littafin motar, ya nuna masa wani layi da yatsa. Lambar inji ce, kuma ita ce a kan takardar izinin. Na ga murmushin Auta ya tafi. Kanikanci ya sani ciki da waje, amma bai taɓa tuƙa mota ya haye iyaka ba, kuma bai taɓa ganin cikin jakar nan ba sai ranar. Ya fita a guje zuwa wurin masu ƙarfe, ya dawo ya ce tuni an loda an yi gaba.

Na ce, "To ka zauna mana. Wa zai zo neman tsoho a ɗakin mara lafiya?"

Ya ce, "Idan na wuce yau na zama mai laifi. Duk ranar da aka kama ni, kora ce ta har abada. An yi shekaru ba wanda ya buɗe murfin motar nan a iyaka."

Yaya ta kira ni da hannun hagu. Da ƙyar na gane abin da take cewa: in bi shi, bai yi barcin kirki ba, kada ya yi gyangyaɗi a hanya. Mu mutanen yankin iyaka da katin shaida muke hayewa, don haka na yafa mayafi na shiga. Babu akwati ranar, babu kyamara, kuma hannuwansa na nan da baƙin mai, don tsakanin jinya yakan saci lokaci ya gyara keke ko biyu.

Fita ba ta yi wuya ba. Wani tsohon jami'i ya karɓi takardar ta tagar mota, ya tambayi mai jiki, ya ɗaga shinge. Muka haye gada, aka buga hatimi a can, muka juya a gidan mai. Ko shayin bai tsaya sha ba. Amma a ɓangaren shigowa an gina wata sabuwar rumfa mai rami a ƙasa, saboda motocin sata da aka ce ana shigowa da su, kuma kowace mota sai ta hau. Wani matashin jami'i ya ce a buɗe murfi. Ya goge jikin injin da tsumma, ya haska fitila, ya dubi littafin, ya sake haskawa.

Yaron nan ba mugu ba ne, zan faɗa ko a gaban wa. Ya rage murya ya ce, "Baba, lambar ba ta yi daidai ba. Ban rubuta komai ba tukuna. Ka juya, ka je ofishin rajista na ƙasarku su gyara littafin."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Sai dai makonni. Amma Baba, tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ofishin babbansu, ni kuma ina binsa a baya. Abin da yaron yake son faɗa, daga baya ya gaya mini, shi ne Baƙo ya ajiye motar a can ya dawo ta layin masu ƙafa, a ba shi 'yan kwanaki, ya dinga sabuntawa har littafin ya fito. Da ya saurari wannan da mun ci abincin dare a gida.

Babban jami'in sabo ne, ba mu san shi ba. Ofis ne mai fanka da tebur ɗaya, da wani magatakarda a gefe yana buga na'ura. Baƙo ya gaishe shi, ya kwance robar, ya jera fasfunan nan a kan teburin ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe shafuka.

"Ranka ya daɗe, duba. Tun kafin a haifi yaron da ke waje nake bin hanyar nan. Ka nemo mini rana ɗaya da na wuce wa'adi. Ni ba ɓarawon mota ba ne. Ɗana ne ya canja injin don tausayina. Matata na kwance, ba ta cin abinci sai a hannuna. Gidana yana can, 'ya'yana suna can, shagona..."

Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Mutumin ya ɗauki fasfo ɗaya yana juyawa, ya ɗauki wani. Kowane shafi fita da shiga rana ɗaya. Sannan ya dubi hannuwan Baƙo da ke shimfiɗe a kan teburin.

Ya ce, "Baba, da ba ka kawo mini wannan ba. Izinin nan na maziyarta ne. Kai da bakinka ka ce a can kake zaune, kana aiki, kuma ba ni kaɗai na ji ba."

Na ce, "Yallaɓai, tsufa ne da rashin barci, bai san abin da yake faɗa ba."

Baƙo ya juyo ya ce, "Na sani mana. Ƙarya na yi?"

Wallahi da ba mijin yayata ba ne da na kai masa mari. Aka buga masa jan hatimi: ba zai shigo ba, a mota ko a ƙafa, sai bayan shekara, amma yana iya ɗaukaka ƙara. Na yi tsiwar da na iya a ofishin nan, na roƙa, na yi kuka, na koma zagi, har aka kira wata jami'a ta fitar da ni. A bakin shinge Baƙo ya miƙo mini makullin ɗakin baya, ya ce in tuna ana juya Yaya kafin azahar, kuma ba ta son ruwa mai sanyi. Ya ja motar da baya, injin na aiki lafiya lau, ya hau gada.

A motar haya na dawo. Da na shiga ɗakin, Yaya ta dubi bayana, ta dubi ƙofa, sannan ta dube ni. Auta kuwa da ya gama ji ya zauna a dandaryar ƙasa a tsakar gida, ya daɗe a wurin.

Baƙo ya kama ɗaki a garin da ke bayan gadar, bayan shagon wani tela. Ƙasarsa ce, amma bai san kowa a cikinta ba, iyaye sun rasu, 'yan'uwa sun watse. Ya shigar da ƙara, aka ce ya jira. Kullum safe da yamma yana kira, in kara wa Yaya wayar a kunne, ya ce, "Maman yara, buɗe," ni kuma in sa cokali. Da farko dabarar ta yi aiki. Daga baya sai ta riƙe abincin a baki, idan ya kashe waya ta tofar.

Ɗauke ta a kai ta wurinsa ba zai yiwu ba, likita ya ce hanyar kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Amma akwai masu babur da ke bi ta daji su tsallaka ta inda ruwa bai da zurfi, kullum suna shigo da mutane da kaya, kowa ya sani. Na samo ɗaya amintacce. Na kira Baƙo na ce ga hanya.

Ya ce, "Idan aka kama ni da jan hatimi a fasfo, shi ke nan, ba zan ƙara ganinta ba. Likita ya ce shekaru. Gara in yi haƙurin 'yan watanni in dawo in yi jinyarta a fili."

Na ce, "Babu shekaru, Baƙo. Matar nan ƙarewa take yi. Zoben hannunta zamewa yake."

"Ke dai kin saba ƙara gishiri. Ba ni ita."

Na kara mata. Ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata, ta ce masa da wannan karkataccen bakin, "Ina samun sauƙi, Malam. Kada ka bi daji. Ka jira." Tsoro take ji kada a harbe shi a hanya ko a kulle shi, na san wannan. Shi kuma tsakanin maganata da tata bai taɓa zaɓar tawa ba, kuma wannan karon tata ce ta fi daɗin ji. Auta ya haye ya same shi ya durƙusa ya roƙe shi. Baƙo ya karɓe shi ba yabo ba fallasa, ya tambayi jikin uwar, ya ce an ce amsar ƙara ta kusa.

Da hantsi ta rasu, damina na ƙarewa, kanta a cinyata. Auta ne ya kira shi. An yi jana'iza ba shi, mutanen unguwa suna ta tambaya ina Baƙo, duk da sun san amsar. Amsar ƙarar kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Na yi fushi da shi fushin da ban taɓa yi da wani ɗan Adam ba, na daina ɗaukar wayarsa, shi ma daga baya ya daina kira.

Auta bai huta ba. Kowa ya gaya masa gyara littafin mota ya fi sauƙi, amma shi tsohon injin yake nema. Ya bi masu ƙarfe daga wannan dila zuwa wancan, ya rufe gareji ya yi ta yawo gari gari, har ya same shi a wani ƙauye an ɗaura masa bel yana jan injin niƙa. Ya saye shi, ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke, ya haɗa. Da shekarar hanin ta cika ya zo ya ce, "Inna, ki raka ni mu ɗauko Baba." Na ce ba inda za ni. Ya tsaya a ƙofa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na ɗauko mayafina.

Mun same shi a ƙarƙashin wata bishiya a gaban shagon telan, da tebur da kawunan kekuna uku, da allo mai sunansa na gaskiya a rubuce da fenti. Motar na gefe, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Ya tsufa ƙwarai. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Sannu da hanya," bai kira ni da sunan da ya saba ba, ni ma ban kira shi da nawa ba.

Auta ya yaye tamfol daga bayan a-kori-kurar da muka zo da ita. Baƙo ya matsa, ya shafa jikin injin, ya sunkuya ya duba lambar.

"Shi ne. Ka sha wahala. Allah ya yi maka albarka."

"Yau zan ɗora shi, Baba. Gobe da safe mu wuce. Na tambaya, sun ce za su ba ka izinin idan ka ce ziyara ka zo."

Baƙo ya juya. Ya koma teburinsa ya ɗauki zare yana neman kafar allura, sannan ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Ta neme ni?"

A hanya na yi niyyar in ce masa cikin barci ta tafi. Amma da na ga allon nan da sunansa, da inuwar da yake zaune a ciki, sai abin ya taso mini.

Na ce, "Ta neme ka. Tun asuba take kiranka har muryarta ta dushe."

Ya gyaɗa kai. Zaren ya ƙi shiga, ya lashi bakin zaren ya sake gwadawa. Na so in janye maganar, kuma ban so ba.

Auta ya ce, "Baba, in fara saukewa?"

Baƙo ya ce, "Idan na je gaban jami'in zai tambaye ni wurin wa na zo. Me zan ce masa?"

"Ka ce wurina, Baba."

Baƙo ya ɗago ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa. Babu fushi a idon, kuma da akwai da ya fi sauƙi. Sannan ya maida kai kan keken.

Ya ce, "Ku kama hanya kafin su rufe gada."

Auta ya tsaya jim kaɗan ko za a ƙara wata magana. Da ba a ƙara ba, ya ja tamfol ya rufe injin, ya ɗaure igiya kusurwa huɗu, ya buɗe mini ƙofa. A layin shiga ƙasarmu wani jami'i ya leƙa baya ya tambaya ko kayan na sayarwa ne. Kafin Auta ya buɗe baki, ni na amsa na ce a'a, namu ne, gida za mu mayar da shi.